Ga 'yar uwa mai son fara aikin maganin ganye

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin ce kin gaji sanin itatuwa daga kakarki, kina so ki yi wa mutanen da asibiti ya yi musu nisa ko tsada hidima da shi, kina tambayar ta ina za ki fara. Allah Ya sa albarka a niyyar. A cikin wannan aiki furfura ta same ni, bari in gaya miki abin da na gani.

Ki fara da koyon tambaya. Mace za ta zo da ciwon kai na wata da watanni. In kika ba ta lokaci, sai ki ji ba ta barci, bashi ya yi mata katutu, ga ɗa kwance. Jiƙo kaɗai ba zai sauke wannan ciwon kai ba. Ki tambayi barci, cin abinci, bayan gida, irin aikin da mutum ke yi, da abin da ke damun zuciyarsa. Lokacin zama da mutum shi ne abin da muka fi likita da shi, don shi layi ke jiransa a ƙofa.

Tambayar da ba na tsallakewa kuwa ita ce: "Wace ƙwaya kake sha yanzu?" Mai ciwon suga da ke kan maganin asibiti, in kika ƙara masa ganyen da ke rage suga, yana iya yanke jiki ya faɗi. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, in ya yawaita tafarnuwa ko citta, jini na iya tsinke masa. Mutane ba sa faɗa da kansu, kunya suke ji, don haka ki ce su zo da kwalayen.

Sai awo, kuma nan ne yawancinmu muke sakaci. Maganar "ai ganye ne, ba ya illa" ta kwantar da mutane da yawa. Duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. A shekarar 1785 wani likita a Ingila, William Withering, ya wallafa bincikensa kan ganyen foxglove da masu maganin ƙauye ke ba masu kumburin jiki. Ya gano tsakanin awon da ke taimakon zuciya da wanda ke zama guba tazara kaɗan ce. Daga dangin ganyen aka samo digoxin, maganin zuciyar da likitoci ke rubutawa har yau. A farkon shekarun 1990 kuma, a Beljiyam, mata da dama sun rasa ƙodarsu saboda an musanya wata saiwa da wani tsiro mai guba, Aristolochia, a haɗin rage ƙiba. Ko itace ɗaya ne, ƙarfinsa na sauyawa da ƙasar da ya fito, da lokacin ɗiba, da yadda aka shanya. Sassaƙen da ya yi fumfuna ki zubar. Ki ajiye littafi: wa ya zo, me aka ba shi, nawa, me ya biyo baya. Kakanninmu a ka suke riƙewa, shi ya sa ilimi mai yawa ya bi su kabari.

Zazzaɓin cizon sauro ma akwai darasi a ciki. Mafi ingancin maganinsa a yau, artemisinin, daga ganyen Artemisia annua Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, bayan ta duba tsofaffin littattafan magani, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin alfaharinmu ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shayin ganyen a madadin ƙwayar ba, don awon ba ya tabbata, ƙwayar cutar kuma tana iya sabawa da shi. Mai zazzaɓi ki tura shi gwaji, mintoci kaɗan ne.

Tunda ke ce ƙofar farko da mutane za su ƙwanƙwasa, jinkirinki na iya cin rai. Yaron da ke jijjiga ko ya kasa kama nono, mai juna biyu da ke zubar jini ko ƙafafu da fuska suka kumbura, tarin da ya wuce mako biyu, ƙullutu a nono, idon da ya yi rawaya, ciwon ƙirji: waɗannan asibiti kai tsaye, ko ruwan jiƙo kada ki ɗora. Yaro mai gudawa ki fara masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tun taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 aka amince masu maganin gargajiya da aka horar suna da gurbi a kiwon lafiya matakin farko. Ki je ƙaramin asibitin da ke kusa da ke ki gabatar da kanki, ki karɓi lambar ma'aikaciyar jinya. Ki sayi na'urar awon jini da ta suga, ki koyi aiki da su. Ki yi rajista da hukumar da ke kula da wannan sana'a a inda kike. Masu tallan sha yanzu magani yanzu, kwalba ɗaya cuta arba'in, kada ki haɗa hanya da su. Ki fara da itatuwa biyar ko shida da kika sani ciki da bai, sauran su jira.