Amsa ga Alhaji kan asusun ƙarfen da ya turo hotunansa

Assalamu alaikum. Alhaji, ranka ya daɗe, na ga hotunan asusun nan mai motsi da ka turo, na kuma saurari tambayarka cewa tunda an rubuta 1886 a gindinsa, ga kuma tsatsa ta kama shi, ko ya tabbata na asali ke nan. Abin da na fahimta shi ne kana son ka ji ko za ka tura wa mai shi kuɗi, kuma shawarata ita ce ka dakata tukuna.

Shekarar ba ƙarya ba ce. Ranar 8 ga Yuni 1886 aka yi rajistar wannan ƙira ta Uncle Sam, wato siffar dattijon nan mai gemu da ke wakiltar Amurka, kamfanin Shepard Hardware na garin Buffalo da ke jihar New York ne ya riƙa yin sa, a ɗora masa kwabo a tafin hannu, a danna, ya sauke hannun ya zuba a jakarsa, gemunsa yana motsi. Matsalar ita ce mai yin jabu asusu na asali yake samowa, ya kwance shi, ya danna kowane ɓangare a yashi ya yi zubi, saboda haka duk rubutun da ke jikin na asali, har da shekarar, yana fitowa a jikin nasa. Uncle Sam kuwa yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, an yi su birjik a Taiwan, aka cika kasuwa da su.

Abin da mai jabu ya kasa ɓoyewa shi ne awo. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen dalma ya san cewa da tsohuwar tukunya suke yin gurbi a yashi, kuma ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Baƙin ƙarfe na zubi yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100. Kamfanonin asali, irin su J. & E. Stevens na Cromwell a jihar Connecticut, sun san da haka, shi ya sa samfurin da suke danna wa yashi ya ɗan fi asusun da zai fito girma. Wanda ya yi zubi daga asusun da aka riga aka gama kuwa, nasa sai ya sake raguwa, ta yadda gindi mai tsawon santimita 15 zai gaza da kimanin milimita ɗaya da rabi. Ido ba ya ganin wannan a hoto, amma masu tara irin waɗannan kaya a Amurka sun daɗe da zana kewayen gindin na asali a takarda, sai a ɗora wanda ake shakka a kan zanen a ga ko ya cike layi.

Bayan awo sai jikin ƙarfen. Na da an yi shi da yashi mai laushi, jikinsa sumul yake, gaɓoɓinsa kuma sun haɗu tsam. Na jabu yana da kaushi a hannu, akwai rata a mahaɗarsa, kuma a gefensa za ka ga layukan injin goga a jere inda na da zai nuna aikin magagari. Ka dubi notin da ya haɗa shi: na zamanin yana da tsaga ɗaya a kai, mai tsaga biyu da suka gitta juna bai shigo ba sai a shekarun 1930. Ban ce duk mai irin wannan noti jabu ne ba, domin ana iya canja noti a asusu na asali, haka kuma masu jabun sun waye suna sa mai tsaga ɗaya.

Yanzu bari in zo kan tsatsar nan, domin ita ce take ɓata mini rai. Akwai wani dillali da muka yi ta musu da shi a kan wani asusu, hujjarsa guda ce kullum, wai in dubi yadda ya yi tsatsa. Tsatsar da ta shekara ɗari baƙa-baƙa ce, ta zauna daram a jikin ƙarfe. Wannan ja mai haske da ke bin yatsa idan ka shafa, binne abu a ƙasa mai damshi ko jiƙa shi da ruwan gishiri yana kawo ta cikin 'yan makonni. Na gaya masa cewa asusun da yaro ya yi wasa da shi yana gogewa ne a inda hannu ke taɓawa, wato wurin dannawa da wurin da kwabo ke bi, shi kuwa nasa ko'ina ya tsufa daidai wa daida, har lungun da yatsa ba ya shiga. Bai yarda ba, kuma na ji ya sayar wa wani daga baya da wannan hujjar dai. Fentin Shepard ma an san shi da ɓarewa, don haka Uncle Sam da ya zo da fenti cikakke mai sheƙi a sama, tsatsa ja kuma a ƙasa, abin tuhuma ne. Fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita takan nuna inda aka ƙara sabon fenti.

Akwai kuma kwaikwayon da ba na yaudara ba, wanda aka yi a Amurka a shekarun 1950 da 1960 aka rubuta a gindinsa cewa an kwafo shi daga tarin Book of Knowledge, wani kundin ilimi na yara. Wasu sukan goge rubutun da inji su sayar a matsayin na asali, saboda haka gindin da aka shafe tsakiyarsa sai a yi hattara da shi.

Ka ce wa mai shi, Alhaji, ya ɗora asusun a farar takarda ya zagaye gindin da fensir mai tsini, ya ajiye rula a gefe ya ɗauki hoto, sannan ya ƙaro hoton kan notin da na mahaɗar gefe daga kusa, cikin hasken rana. Idan ya turo, ka sa su a nan mu duba tare kafin a yi maganar farashi.