Windows ba ta ga diski ba, ya mutu ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina zaune Birni. Na sayi kwamfuta HP okaziyo, Core i5 ce, takardar da ke manne a jikinta ta nuna ƙwaƙwalwarta ta Intel 'yar tsara ta 11 ce. Na zo saka mata Windows 11 da kile, wato filashin USB, komai ya tafi daidai har wurin zaɓen diski, sai na ga fili fayau babu komai. Wani mai gyara ya ce diskin ya mutu, in kawo kuɗi ya sa sabo. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka fidda ko dala tukuna. Ina ganin da wuya a ce diskin nan ya mutu, kuma a minti biyar za ka iya ganewa da kanka: kunna kwamfutar ka yi ta danna Esc, in jerin ya fito ka danna F2, wurin gwajin kayan ciki ne na HP, sai ka zaɓi gwajin ma'ajiya. In ya nuno diskin da girmansa kuma gwajin ya wuce lafiya, to diski yana nan da ransa, Windows ce kawai ba ta san hanyar da za ta bi ta kai gare shi ba.

Abin da ke faruwa shi ne, daga tsara ta 11 Intel suka fara kunna wani abu da ake kira VMD a kwamfutoci da yawa, yana zama tsakanin diskin SSD da sauran na'urar kamar mai gadi bakin zaure, duk mai son shiga sai ya bi ta kansa, ita kuwa Windows ɗin da ke kan kilenka sau da yawa ba ta zo da direbansa ba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi, shi ya sa take ganin kamar gidan ba kowa. Kusan duk sati sai an kawo mini irin wannan, wani ma ya riga ya sayi sabon diski ya sa, shi ma bai fito ba, ya yi asara a banza.

Maganin biyu ne. A Dell da Asus da wasu Lenovo kana iya shiga BIOS, wato saitunan kwamfutar na kafin Windows ta tashi, ka kashe VMD, ko ka sauya tsarin haɗin diski daga RAID ya koma AHCI, ka adana ka fita, diski ya bayyana. Amma HP da yawa ba su bar wannan zaɓin ba, ka duba da F10 dai, in babu kar ka wahalar da kanka. Sai ka ari wata kwamfutar ka shiga shafin HP, ka rubuta lambar samfurin taka da ke ƙarƙashinta, ka sauke direban Intel Rapid Storage Technology. Nan ne mutane ke kuskure: suna kwafe fayil ɗin .exe haka ɗungurungum kan kile. Ba zai yi ba. Sai ka warware shi da 7-Zip har ka ga jakar da ke da fayil mai ƙarewa da .inf, ita za ka kwafa. Ka koma wurin da ka tsaya, in Windows ɗinka ta Faransanci ce akwai inda aka rubuta Charger un pilote, ka danna ka nuna mata jakar, ka zaɓi wanda ke da VMD a sunansa. Diski zai fito.

Ga masu karatu da Windows ke aiki a kwamfutarsu, kar sha'awa ta sa ku je ku taɓa RAID ɗin nan, Windows za ta ƙi tashi, allon kuskure za ku gani a kunnawa ta gaba.

Tunda za ka sauke direba, haɗa har da na wifi a tafiya ɗaya, don Windows 11 tana neman intanet kafin ta gama shiri kuma sau da yawa katin wifi ɗin shi ma ba ta gane shi ba. In ka manta, jona wayarka Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, yana wucewa. Wurin shafa yatsa ma kan ƙi motsi lokacin sakawa, ka nemi linzami mai waya ka ajiye kusa. Kuma in madannanka AZERTY ne irin na kayan Faransa, zaɓi shi tun farko, in ba haka ba ka danna A ta ba ka Q, ka sa kalmar sirri ka kasa buɗewa daga baya.

Zancen TPM 2.0 da ake ta yi, wato kayan tsaron da Windows 11 ke buƙata a cikin kwamfuta, bai shafe ka ba, taka 'yar tsara ta 11 ce, masu tsara ta 7 zuwa ƙasa ne Windows 11 ke korowa, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

In kuwa gwajin F2 ya ce bai ga diski ba sam, kafin sayen sabo a buɗe bayanta a zare SSD ɗin a hure ƙura a mayar, ka san ƙurar garin nan lokacin hunturu ba inda ba ta shiga, kuma kayan okaziyo sun sha jijjiga a hanya. In bayan haka ma shiru, to mai gyaran ya yi gaskiya, ka saya, amma ka tabbatar irin ramin taka ne, M.2 NVMe ko SATA, don ba kowane ke shiga kowace ba.