Zauren Anti: Malali ko Unguwar Rimi, sai mai hali ne?

Tambaya: Salam Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. An yi wa maigidana canjin wajen aiki daga Zariya zuwa Kaduna, ni kuwa tun ina budurwa in mun zo biki muka bi ta titin Isa Kaita nake cewa nan zan zauna, ga itatuwa ga shiru. Shi kuma ya kafe wai Malali da Unguwar Rimi sun fi ƙarfinmu, mu nemi gida a Tudun Wada kawai. Da gaske ne sai mai hali? Daga maman yara biyu, Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Toh maigidanki bai yi ƙarya ba, amma bai gama ba ki labarin ba. Kinga Malalin nan suna ɗaya ne amma kala-kala ce, akwai GRA, akwai Lokos, akwai cikin gari inda ake haya irin ta kowa da kowa, haka ma Unguwar Rimi. In kika ce wa dillali "Malali nake so" kika yi shiru, wallahi gidan da ya fi tsada zai fara kai ku dan kashi 10 ɗinshi ya yi kauri, ga na lauya ga kuɗin ajiya duk kafin ku riƙe makulli. Ku faɗa mishi ɓangaren da kuke so da iya abin da ke aljihu.

Abin da yake kayar da mutane kuma ba hayar ba ce, abin da ke biyo bayanta ne. Ki fara tambaya layin wutar wane aji ne, dan a Afrilun 2024 an kai 'yan Band A, wato masu samun wuta sosai, naira 225 duk yunit, in kina da firiza da hita da eyasi sai ki ga mita tana shan kati kamar ana zuƙa da tsinke. Sai ruwa. Kar ki yarda da "ai akwai famfo", ki murɗa shi da hannunki, ki tambaya akwai bohol ko sai 'yan garuwa. In gidan ta gangaren kogi yake ki duba gindin katanga, ruwan Agusta da Satumba yana barin zanensa, sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa ma magana ce.

Cefane kuwa, nan ne mata ke cutar kansu. Supamaket na manyan tituna ki bar su ga madara da sabulu da famfas. Tumatir da attaruhu da albasa Bakin Dogo za ki, ki ɗauko kwando ku raba da wata ki markaɗa ki ajiye. Hatsi da wake ki jira Talata ki shiga Kawo. Atamfa da leshi kasuwar Sheikh Gumi, gwanjo da ɗinki Kasuwar Barci, in ƙofa ko tukunya ce ta lalace Panteka na nan. Matan manyan da kike gani da gilas, rabinsu can za ki same su suna ciniki har da rantsuwa. Abincin waje akwai shi birjik, shawarma, gasasshen kifi, tsire da daddare, amma sau ɗaya a wata ya isa, masa da miyar taushe mai daɗi dai sai kin shiga lungu.

Sai abu ɗaya da ba a faɗa, shirun nan da ya burge ki. Na taɓa zama irin layin nan shekara biyu ban san fuskar maƙwabciyata ba, sai ƙarar get da maigadi, ranar da gas ya ƙare mini da tuwo a kan wuta na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa. In ba ki da mota kuma za ki taka sosai da yara a rana kafin ki samu napep. Ke da kika saba da Zariya inda ake leƙo ki safe da yamma, ni dai Lokos zan zaɓa miki, ku yi shekara ɗaya ku ga yadda garin yake. Ki kai mishi maganar a haka bayan ya ci ya ƙoshi.

Tambaya: Anti surukaina za su zo daga Kano da yara, ina zan kai su ba sai na kashe da yawa ba? Daga wani magidanci, Unguwar Dosa.

Amsa: Ɗan uwa ka kai yaran Gamji Gate bakin kogi, su ga gadar Lugga ta ƙarfe da aka ɗauko daga Zungeru, da yamma ku zaga Dandalin Murtala. Su Baba kuwa Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna, daga nan su yi la'asar a masallacin Sultan Bello. Tsiren dare dai kai za ka biya.