Amsar tambayar Yaya Hajiya kan cin abinci a gidajen 'yan Pakistan da Indiya a Makka

(An kwafo daga muryar da aka turo zauren iyali, saboda waɗanda datarsu ba ta buɗe murya mai tsawo.)

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Yaya Hajiya, na ji saƙonki tun ɗazu, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce za ku tafi Umara da Baba, masaukinku wajen Misfala ne, an kuma gaya miki gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiya sun fi sauƙin kuɗi a wannan yankin, amma kina tsoron yaji da kuma ciwon sugan Baba. To bari in yi magana a tsanake, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Wanda ya gaya miki sun fi sauƙi bai yi ƙarya ba. Daga Misfala har ki hau titin Ibrahim Khalil ki nufi Harami, ba za ki yi tafiya mai nisa ba sai kin ga ɗaya. Kuma maganar halal ki cire ta daga ranki, Makka ce, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga ma, balle ya buɗe gidan abinci. Abin da nake so ki riƙe shi ne: kar ku yi irin ta mutanenmu, su shiga su ce biryani, gobe biryani, jibi biryani, kwana huɗu sai ka ji ana cewa abincin mutanen nan ba ya ciwuwa. Alhali kuwa biryani ba shi ne abincinsu na kullum ba. Ki duba leburorin da ke zaune a teburin gefenki, da wuya ki ga shinkafa a gabansu. Gurasa ce da miya. Nan daɗin yake, nan kuma arhar take.

Idan kin isa ƙofar, kafin ki shiga ki tsaya ki kalli mai gasa gurasar, yawanci a bakin ƙofa yake. Tanderu ne na ƙasa, irin na masu gurasarmu a Kano, sai dai nasu an binne shi cikin dakali, bakinsa kawai ake gani. Zai ɗauki curin kwaɓaɓɓen gari ya dinga jefa shi daga wannan tafi zuwa wancan har ya yi faɗi, ya shimfiɗa a kan wani ɗan matashi, ya zura hannu har kafaɗa ya manna a jikin tanderun, tas. Kafin ki gama ƙirga canjinki ta kumbura ta yi ɗigo-ɗigon ƙuna, sai ya sa ƙarafa biyu dogaye, ɗaya mai ƙugiya, ya ɓamɓaro ta ya wurgo kan tebur. In kin ga mutane sun yi layi a gabansa, to gidan mai kyau ne, shiga kawai. In kin ga gurasa jibge cikin leda ta huce, wuce gaba.

Gurasar ma iri-iri ce, kuma nan ne maganar Baba ta shigo. Naan da farar fulawa ake yi, tana da laushi, wani lokaci a shafa mata man shanu. Roti kuma da garin alkama ne wanda ba a cire dusarsa ba, ita ta fi dacewa da mai suga. Paratha soyayya ce mai ninki-ninki da mai, da safe ake cinta da ƙwai da shayi, daɗi kam ba a magana, amma ba ta Baba ba ce. Ki ce musu roti, tandoori roti, su ba shi guda ɗaya mai zafi, in bai ƙoshi ba a ƙaro. Ba a karɓarta da yawa lokaci guda, domin da ta huce sai ta zama tauri.

To miyar fa. Wadda za ki fara da ita dal ce, miyar wake ce da aka dafa har ya narke, da kurkum, sannan a soya tafarnuwa da albasa a mai a kwara a kai. Ba ta da zafi sosai, kuma ita ce mafi arha a gidan. Akwai ta kuɓewa, bhindi suke ce mata, amma kar ki sa ran yauƙi, soya ta suke yi da albasa da tumatir har ta bushe. Akwai ta alayyahu, wani lokaci da nama, wani lokaci da cukunsu fari da ake yankawa ƙanana. Waɗannan ukun duk Baba zai iya ci hankali kwance.

Ku kuma masu lafiya, karahi. Allah Ya sa ku samu gidan da ake yi a gabanku. Kaskon ƙarfe ne baƙi mai kunne biyu, a ɗora a wuta mai ƙarfi, a zuba nama, a jefa tumatir rabi-rabi a kai, in ya yi laushi mai girkin ya sa awartaki ya zare ɓawon ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta juyawa yana bugun kaskon har ruwan ya ƙone mai ya fito gefe. Sai ya watsa ɗanyar citta da aka yanka siri-siri da koren barkono, ya kawo muku a cikin kaskon yana tafasa. Da awo ake saye, rabin kilo ko kilo, kuma yana ɗaukar lokaci domin sai kin yi oda ake ɗorawa. Saboda haka kar ku je ana saura kaɗan a kira salla, za ku bar shi a wuta ku tafi. Bayan isha'i ya fi. In kun ga an rubuta Peshawar, wani birni a Pakistan, ko Shinwari, wata ƙabila ta yankin, a allon gidan, to ku ɗauki nasu, domin mutanen can ba sa cika kayan ƙamshi, gishiri ne da tumatir da kitsen rago da ɗan barkono, bakinmu ya fi saurin karɓarsa. Af, kuma in sun ce mutton, yawanci akuya suke nufi ko rago, ba naman sa ba.

Yanzu maganar yaji da kike tsoro. Yaya, mu da muke cin attaruhu a miya da yajin tsire, zafinsu ba zai kayar da mu ba. Abin da ke damun mutanenmu ba zafi ba ne, ƙamshi ne da ya yi yawa, da kuma mai. Kanumfari, kirfa, masoro, hulba, citta, ga wannan koren ƙwayar da Larabawa ke sawa a gahawa, duk a tukunya ɗaya, kuma ba a daka su ba, ɗungurungum ake jefa su. Kina cikin cin shinkafa sai ki tauna ɗaya, bakinki ya ɗauki ɗaci har ki gama. Su ba sa ci, turewa suke gefen faranti. Ku ma ku dinga dubawa kafin ku kai loma, musamman in kina zuba wa Baba, tunda idonsa ba kamar da ba. Na taɓa zama kusa da wani dattijo ɗan Katsina a wani gidan abinci can, ya tauna kanumfari, ya ajiye cokali ya ce shi ba zai ci magani da kuɗinsa ba. Da ƙyar yaransa suka lallashe shi ya koma kan gurasa.

In shinkafar kuke marmari, akwai bambanci tsakanin biryani da pulao. Biryani daban ake dafa shinkafar, daban naman da miyarsa, sai a jera hawa-hawa a rufe tukunya ruf a turara. Irin na Karachi da dankalin turawa a ciki da busasshen ɗan itace mai tsami, kuma ya fi zafi. Na Hyderabad, can Indiya, ɗanyen naman da aka jiƙa a kindirmo ake shimfiɗawa a ƙasan tukunya, a liƙe murfin da kwaɓaɓɓen gari, su nuna tare. Pulao kuwa a cikin romon nama ake dafa shinkafar, launinsa ba ja ba rawaya, kuma ba ya da hayaniya a baki. Ni a ganina pulao ya fi biryanin da ake sayarwa a yawancin ƙananan gidajen nan, domin nasu tun safe yake zaune a tukunya, ƙasan ya jiƙe da mai, saman ya bushe. Duk wanda kuka ɗauka, ku karɓi raita, kindirmo ne da aka tsinka da ɗan na'a-na'a ko kokwamba, shi ke kashe zafin. Ruwa ba ya kashewa.

Wani zai ce to mene ne bambancin gidan Indiya da na Pakistan, tunda jerin abincin kusan ɗaya ne. Ai ƙasa ɗaya ce har 1947, lokacin da Turawan Ingila za su tafi aka raba ta. Yankin Punjab ma gida biyu aka yi shi, Lahore ta faɗa Pakistan, Amritsar ta faɗa Indiya, tsakaninsu bai fi kilomita 50 ba. Mutane miliyoyi suka yi ƙaura kowa da tukunyarsa. Nihari da Karachi ke alfahari da shi yanzu, Musulmin tsohuwar Delhi ne suka tafi da shi. Kazar nan mai miyar tumatir da man shanu da duniya ta sani a matsayin abincin Indiya kuwa, waɗanda suka baro Peshawar ne suka shahara da ita a Delhi. Saboda haka in gidan na mutanen arewacin Indiya ne, ba za ki ga wani bambanci mai yawa ba, sai dai 'yan Pakistan sun fi ƙarfi a nama. Inda za ki ga bambanci shi ne gidan 'yan Kerala, kudancin Indiya, kuma suna da yawa a Saudiyya. Nasu da kwakwa ne da tsamiya da kifi, da wata faffaɗar waina siririya ta ƙullun shinkafa da wake, dosa. Wannan sai wanda ya saba. Ban ce kar ku gwada ba, amma kar ya zama ranar farko.

Na ambaci nihari, bari in ƙarasa. Naman ƙwauri ne na sa da ɓargo, a bar shi a wuta kwana guda har ya zama ba sai an tauna ba, romon a ɗaure shi da ɗan gari. Da safe ake cinsa, bayan asuba, a matsa lemon tsami a watsa citta. In kun fito daga ɗawafi da asuba ƙafafu sun gaji, babu kamarsa. Sai dai jan mai ne kwance a kai kamar yatsa guda, ki ce su kwashe kafin su kawo, suna yi ba musu. Baba ya ɗanɗana kawai, saboda hawan jininsa. Abin da zai fi masa shi ne haleem, alkama da wake da nama ake dafawa a tuƙe su har su zama ɗaya, ba ƙashi ba tauna. In Umararku ta faɗa cikin azumi za ku same shi ko'ina. In kuma cikin wani ya ɓaci, Allah Ya kiyaye, ku tambayi khichdi, shinkafa da wake ne da aka dafa suka yi lugub ba yaji, ba kowane gida ke yi ba amma in kin roƙa wasu za su yi miki.

Abin sha kuma ki kula. Lassi nono ne da aka kaɗa, akwai na suga akwai na gishiri, kuma in ba ki faɗa ba na suga za a kawo, sugan ma ba na wasa ba. Shayinsu a cikin madara ake dafa ganyen, da sugan tare, don haka ba a cirewa. Na Baba sai ki ce a yi masa daban. Kayan zaƙinsu kuwa, gulab jamun da jalebi, cikin ruwan suga suke iyo, ki ja Baba ku wuce ta gaban gilashin da sauri, kin san halinsa.

Yaren ba zai ba ku wahala ba. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, rabin kalmomin suna kunnenmu. Ki ce bhai, wato ɗan'uwa, zai juyo. Mirchi kam, a rage barkono. Tel kam, a rage mai. Cheeni nahi, ban da suga. Pani kin san shi, ruwa ne. In za ku tafi da shi masauki ki ce parcel ko ki ce safari, duk suna ganewa. Amma gaskiya a rage barkono sai a abin da za a dafa muku sabo, irin karahi. Wanda yake cikin manyan tukwanen nan an riga an gama, zai gyaɗa miki kai ne kawai ya zubo yadda yake.

Sauran ƙananan abubuwa. Yawancin ƙananan gidajen maza ne cike, amma da dama suna da ɓangaren iyali, a sama ko bayan labule, ki tambaya tun daga ƙofa. Ki kuma tambaya ko kuɗin da aka rubuta har da haraji, domin Saudiyya na karɓar kashi 15 cikin ɗari tun 2020. Ɗanyen ganye da albasar da ake ajiyewa a tebur, da koren miyar nan mai sanyi, in kin ga alamar sun daɗe a buɗe ku bar su, zafin Makka ba ya raga wa irin waɗannan. Faranti ɗaya na shinkafarsu yana isar mutum biyu, kar ku yi oda kowa da nasa.

In kuma kwana ya yi kwana Baba ya fara cewa shi tuwo yake so, kin san ba za a rasa ba, matan mu na can suna yi, ko wajen masaukan alhazanmu ko Shara Mansur. Ki tura yaro ya samo masa da miyar kuka. Yauwa, kuma in za ku yi parcel na karahi ko nihari, ki sa su ninka ledar, ki riƙe ta a hannu, kar ki sa cikin jakar da fararen kayan Baba suke, kurkum ba ya fita a wanki. Ki turo mini ranar tashinku in an tabbatar. A gaida Baba da jiki, a gaida yara. Sai na ji ku.