Me ake nufi da fitojiyogirafi, kuma daga ina kalmar ta fito?

Malam, ka tambayi ma'anar kalmar phytogeography (fitojiyogirafi) da ka gani a littafin ilimin tsirrai. Asalinta Girkanci ne, kalmomi uku aka haɗa: phyton tsiro, ge ƙasa, graphia kuma rubutu ko bayani. Wato ilimin da ke binciken inda kowane tsiro yake fitowa a doron ƙasa da dalilin da ya sa ya tsaya nan.

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni shi ne Bajamushe Alexander von Humboldt. A 1802 ya hau dutsen Chimborazo na ƙasar Ekwado, a Kudancin Amurka, tare da abokinsa Bonpland, yana rubuta yadda tsirrai ke canzawa yayin da ake ƙara hawa, sanyi na ƙaruwa. A 1807 ya buga sakamakon bincikensa tare da zanen dutsen, sunayen tsirrai jere hawa-hawa.

Ni kam ban gane abin sosai ba sai da na yi tafiya a mota daga Legas zuwa Agadas. Kwakwar manja ta ɓace, kaɗanya da ɗorawa suka karɓa, sai kuka, can gaba aduwa da ƙayoyi. Ruwan sama ne ke yanke wannan hukuncin, sai irin ƙasa.