Me ya sa sai an mai da ɓawon itace gas kafin a ƙona shi a kamfanin takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere, an ba mu aiki kan yadda kamfanonin takarda ke rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ta hanyar mai da itace gas, abin da malaminmu ke cewa gazeyifikasiyon. Abin da ya ɗaure min kai, tunda itacen ƙona shi za a yi, me ya kawo wahalar mai da shi gas tukuna? Kuma dan Allah wannan abu zai yi mana amfani a nan Arewacin Kamaru?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh gaskiya tambayarka ta faɗa daidai inda maganar take, don mutane da yawa suna ɗauka wani sabon abu ne na Turawa, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu yin gawayi ya ga rabin aikin da idonsa. Sun tara itace sun rufe da ƙasa sun bar 'yar ƙofar iska, itacen na cin wuta a hankali, wannan hayaƙi mai kauri da ke fita da ka tara shi ka kai masa ashana kamawa zai yi. Mai gawayi yana barin gas ɗin ya tafi ya riƙe gawayin. Injin da kake tambaya a kai gas ɗin yake nema. Ana zafafa ɓawon itace ko ɓarɓashinsa har wajen digiri 750 zuwa 900, a ba shi iska kaɗan wadda ba ta isa ya ƙone ƙurmus ba, sai ya saki kabon monoksayid da haidirojin da ɗan methan, su ne ke kamawa da wuta. Lokacin yaƙin duniya na biyu da fetur ya yi wuya a Turai motoci da yawa da wannan gas suka yi tafiya, Faransawa na ce wa tukunyar gazojen.

Yanzu mu shiga kamfanin takarda, don sai ka gane shi sannan za ka ga inda gas ɗin ya shigo. Ana yanka itace ƙanana a dafa shi da soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, tare da wani sinadari mai sulfa, har danƙon da ya riƙe zaren itacen ya narke. Zaren shi ne takarda. Abin da ya rage wani baƙin ruwa ne mai kauri, kuma ba a zubar da shi, ana ƙafar da shi a ƙona a babbar tukunya, a samu tururi da kuran, wato wutar lantarki, da ke tafiyar da kamfanin, wasu ma har su sayar da rarar wutar. Ka ga ke nan yawancin makamashin kamfanin daga itacen kansa yake fitowa tun asali.

Saura wuri ɗaya mai taurin kai. Don a sake sabunta sodar a yi amfani da ita ana bukatar farar ƙasa, ita kuma bayan ta gama aiki takan koma laka, sai an sake gasa ta a wani tanderu dogo mai juyawa, wani ya fi mita 100, zafinsa ya haura digiri 1,000. Wannan tanderun shekara da shekaru da mazut, wato baƙin mai, ko gas ɗin ƙarƙashin ƙasa ake hura shi, kuma a kamfani na zamani shi ne babban mai cin man ƙasa da ya rage. Nan ne amsar tambayarka take. Ba za ka iya watsa ɗanyen ɓawo cikin wannan tanderu ba, na farko yana son harshen wuta dogo mai zafi wanda ba ya hawa da sauka, ɓawo kuma in ya fito daga wajen ɓare itace kusan rabinsa ruwa ne, na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci toka, don wutar tana taɓa farar ƙasar kai tsaye, duk yashi da ƙasa da sinadaran da ke cikin tokar ɓawon za su shiga cikinta, kuma da yake zagayawa take yi ana ta sake amfani da ita dattin taruwa zai yi ta yi har ta daina aiki yadda ya kamata. In aka mai da shi gas, akasarin tokar ta tsaya a injin, abin da ya isa tanderu gas ne da ake iya ƙarawa a rage da famfo kamar mazut.

Kuma an daɗe ana yi. Bayan tsadar mai ta shekarun 1970, kamfanoni a Finland da Suwidin sun kafa irin waɗannan injuna a shekarun 1980, da mai ya yi arha sai sha'awar ta yi sanyi, maganar sauyin yanayi ce ta dawo da ita. Kamfanin Metsä Fibre ya kafa ɗaya mai ƙarfin megawat 48 a masana'antarsa ta Joutseno a 2012, sannan sabuwar masana'antarsa ta Äänekoski da ta fara aiki a 2017 an tsara ta ne ta yi aiki ba da man ƙasa ba. Andritz da Valmet su ne manyan masu ƙera injunan, yanzu har Brazil da Indunusiya akwai su.

Amma dan Allah kar ka rubuta a aikinka cewa hayaƙi ya ƙare, wannan kuskuren yana damuna ƙwarai. Bututun yana nan yana fitar da kabon dayoksayid. Bambancin shi ne wannan kabon bishiya ce ta zuƙe shi daga iska lokacin da take girma, in aka dasa wata ta maye gurbinta za ta sake zuƙe shi, shi kuwa na mazut daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi aka ƙara a kan wanda ke sama. In an sare daji ba a dasa ba lissafin ya rushe. Sannan gas ɗin ba shi da ƙarfi, da iska aka yi shi don haka naitirojin ya cika shi, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin gas ɗin ƙasa ba, shi ya sa ake kafa injin dab da tanderun a ƙona gas ɗin da zafinsa. Busar da ɓawon ma aiki ne, sai dai su suna da rarar zafi a kamfanin da suke busarwa da shi.

Batun mu a nan kuwa, kamfanin dafa itace don takarda ba namu ba ne, yana shan ruwa sosai yana cin daji. Ko a kudu inda dajin yake, irin wannan kamfani mai suna Cellucam da aka buɗe a Edeya a farkon shekarun 1980 bai daɗe ba ya rufe. Wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa ya ga buhunan gawayi a bakin titi ya san bishiyar da ta rage mana ba ta ciyar da inji ba ce, a Chadi ma sai da gwamnati ta hana gawayi saboda wannan. Abin da muke da shi shi ne buntun shinkafa a Yagwa wajen gonakin kamfanin noman shinkafa na SEMRY, da karan auduga da ake ƙonewa a gona bayan girbi, da ɓawon gyaɗa. Karan dawa da na masakwa ka cire su a lissafi, abincin dabbobi ne da danni. A jihar Bihar ta Indiya an ba ƙauyuka kuran da ƙananan injuna masu cin buntun shinkafa, wannan shi ne misalin da ya yi kama da mu, injin niƙa ko na ban ruwa ya rage shan gazuwal.

Sai dai in gas ɗin inji zai shiga, ba tanderu ba, kwaltar da ke cikinsa ita ce matsalar, dole a sanyaya shi a tace shi in ba haka ba ta toshe injin, ga shi buntu tokarsa ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Kuma in kun ce za ku gwada ƙarami a makaranta, ku yi shi a fili ƙanena, kar ku kuskura ku kunna a ɗaki, kabon monoksayid ba shi da wari ba shi da launi kuma yana kisa, shi ne dai ke kashe mutanen da suka kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.