Ɗauko kyanwa daga gidan dabbobi: ana rage haraji a Amurka?

Wata 'yar'uwa daga Bronx ta aiko da tambaya. Yaranta sun ishe ta da roƙo sai an ɗauko musu kyanwa daga gidan da ake tara dabbobin da ba su da masu su, kuma ta gani a guruf ɗin WhatsApp cewa duk wanda ya ɗauko, gwamnati za ta rage masa haraji. Wai gaskiya ne?

Hajiya, ba haka abin yake ba. Kuɗin da za ki biya ranar ɗauko ta, hukumar haraji ta Amurka, IRS, ba ta lissafa shi a sadaka, don kin ba da kuɗi kin karɓi kyanwa. Abincinta, allurarta, har yashin da take bayan gida a ciki, duk daga aljihunki za su fito. Ba kuma a rubuta ta cikin waɗanda kike ciyarwa, ko da a kan gadon yara take kwana. Jita-jitar tana da tushe: a 2009 wani ɗan majalisa daga Michigan ya kawo ƙudurin a riƙa cire har dala 3,500 na kuɗin kula da dabbobi, amma bai zama doka ba. Labarin ne ya ƙi mutuwa.

Inda ake samun sauƙi shi ne riƙo. Idan kika karɓi kyanwa kina riƙe wa ƙungiyar agaji mai rajista kafin a samo mata gida, abin da kika kashe yana iya shiga sadaka. A 2011 kotun haraji ta amince wa wata mata a Oakland da ke riƙon kyanwowi masu yawa, sai dai ta hana ta duk kuɗin da ya kai dala 250 zuwa sama, saboda ba ta karɓi takardar shaida daga ƙungiyar ba. Saboda haka rasit ki adana, takarda ki karɓa. Mota ma ana lissafa senti 14 a kowane mil. To amma a harajin 2025, wannan sai ga mai jera kashe-kashensa ɗaya bayan ɗaya a fom ɗin Schedule A. Ma'auratan da suka cike tare, a 2025 dala 31,500 ake cire musu kai tsaye, kuma da wuya riƙon kyanwa ya kai ki kusa da nan.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cike wa mutane takardun haraji a lunguna, masu cewa "bari in ƙara miki wani abu." Sa hannun naki ne, ba nasu ba. Ranar da kika je neman zama 'yar ƙasa, ana tambaya kan haraji, kuma ƙarya a takarda tana iya ɓata miki shaidar kyawun hali. Ban ga dalilin da za ki jefa takardunki cikin haɗari kan 'yan daloli ba. Tunda ana maganar, kuɗin da kike turawa kai tsaye ga masallaci ko gidan marayu a Kano ma ba a cirewa, haka iyayen da ke zaune a gida Najeriya ba sa shiga lissafin waɗanda kike ciyarwa.

Kafin ki kai yaran su zaɓa, ki buɗe yarjejeniyar hayar gidanku. Wasu masu gidaje sun hana ajiye dabba gaba ɗaya, wasu kuma suna ƙara kuɗi duk wata.